Yadda Za Ka Yi Wa Fim Shaƙiyanci Ba Tare da Ka Kalle Shi Ba

Zauna, ɗan'uwa. Na ji an ɗauke ka aikin rubuta katun na azumi, kuma tun jiya hankalinka ya tashi saboda an ce gobe za a fara raɗa wa kowane kashi suna. Kwantar da hankalinka. Duk wanda ya bi matakan nan, na ba shi tabbaci kujerarsa ba za ta motsa ba har ya yi furfura a kanta, kuma ba sai ya ɓata la'asar ko ɗaya yana kallon mutanen da suka mutu tun kafin a haifi uwarsa suna kuka cikin baƙi da fari ba. Na daɗe a ɗakunan marubutan Alƙahira ina shan shayin mutane, na ga wanda ya hau da wanda ya sauko. Misalina a nan wani saurayi ne mai suna Midhat. Ka bi sawunsa har kusa da ƙarshe, daga nan ka rabu da shi.

Mataki na 1: Ka san abin da aka ɗauke ka ka yi

Ba labari aka ɗauke ka ka ƙirƙira ba, kada kanka ya kumbura. Aikinka shi ne ka ɗauko sunan tsohon fim mai daraja, ka cire mai darajar, ka sa agwagwa.

Inda Midhat ya samu aiki, wani gida ne a hawa na biyar a unguwar Dokki, lif ɗinsa ya mutu tun zamanin da ba wanda ya tuna. A can ake yin Mutanen Saman Bene, katun ɗin Am Abdul-Basiɗ mai guga da iyalinsa da agwagwarsu Fauziyya mai baƙin baki. Kashi talatin ne, kowace ranar azumi ɗaya, kuma kowanne dole ya ɗauki sunan wani fim da aka karkata masa hula. Hawayen Gimbiya ya zama Hawayen Fauziyya. Na Rantse Ba Zan Yafe Ba ya zama Na Rantse Ba Zan Goge Ba. Ka ga ai ba sihiri a ciki.

Sunan nan, in gaya maka gaskiya, babu mai karanta shi. Yana fitowa ne daidai lokacin da Masar gaba ɗaya ta cika baki da abincin shan ruwa. Amma a ɗakin marubuta da shi ake auna mutum. Shugabar ɗakin, Ustaza Sausan, mace ce da ba ta ɓarnar magana. In suna ya yi mata, sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci sau ɗaya. In bai yi ba, sai ta ce, “Sai wani,” kuma wanda aka ce wa haka sau da yawa yakan fara gaida mai gadi da fara'ar mai bankwana.

Sababbi biyu aka ɗauka a shekarar, Midhat da wani mai suna Girgis, kujera kuwa ɗaya ce za ta rage bayan Sallah. Wanda ya faɗi a cikinsu ya san inda zai koma. Shi Midhat, kawunsa na Damanhur har ya goge masa benci a shagon tayil, yana ta gaya wa masu saye, “Ɗan ƙanwata mai zanen agwagi ya kusa dawowa, zai koyi sana'ar mutane.”

Mataki na 2: Kada bakinka ya taɓa furta “ban gani ba”

A wannan gari za ka iya cewa ba ka san sunan kakanka ba, a yi maka uzuri. Amma ka ce ba ka ga wani tsohon fim ba, sai ɗaki ya yi tsit, a fara dubanka kamar wanda ya shigo masallaci da takalmi.

Matsalar Midhat kenan. A Kuwait ya tashi, inda babansa yake aikin lissafi a wani kamfani. Lokacin da 'ya'yan mutane suke kwance a tabarmar kakanninsu suna haddace fina-finan la'asar, shi yana cikin sanyin na'ura yana wasan kwamfuta. Ya dawo gida da Larabci mai kyau da kai fanko.

Ga dabarun da ya rayu da su, kai ma ka riƙe. In an ambaci fim, ka lumshe ido ka ce, “Kai, Allah ya jiƙan mutanen da.” In an kwaikwayi muryar jarumi, ka jira babban ɗakin ya fara dariya, sannan ka bi bayansa, kada ka riga shi. Babban ɗakin a nan Ustaz Wagdi ne, dattijo mai gashin baki da ya shekara talatin yana rantsuwa babu fim ɗin da aka taɓa haskawa a ƙasar nan bai gani ba. In kuma aka tambaye ka wurin da ka fi so, ka ce, “Ƙarshen mana.” Kowane fim yana da ƙarshe, masana sun tabbatar.

Sai dai gyaɗa kai yana da wa'adi. Girgis ya fara kiransa “ɗan Kuwaiti” a gaban kowa, yana yi yana murmushi.

Mataki na 3: In an titsiye ka, kada ka ɗauko fim ɗin da wani zai iya kama ka a kansa

Sha'aban ya raba tsakiya, ɗaki ya cika da robobin koshari, wato dafa-dukan shinkafa da taliya, kowa idonsa ya yi ja. Kashi ɗaya ya rage babu suna: Fauziyya ta ji ana shirin yanka ta ranar Sallah, ta gudu daga saman bene ta hau jirgin ƙasa. An kawo sunaye, Ustaza Sausan ta kashe su ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta juyo.

“Midhat. Tun da ka zo wuyanka ke mana aiki. Yau bakinka muke son ji.”

Midhat ya lalubi kansa, babu fim ko ɗaya, sai benci da tayil. Abin da kawai ya faɗo masa shi ne jirgin da ya dawo da shi daga Damanhur ran Asabar, wanda ya wuce tashar Ƙalyub a guje mutane na tsaye da kayansu suna kallo.

Ya ce, “Agwagwar La'asar Ba Ta Tsayawa a Ƙalyub.”

Girgis ya ajiye cokali.

“Daga wane fim kenan, ya basha?” in ji shi, yana kiransa da laƙabin manyan mutane don zolaya.

Ka lura da abin da Midhat ya yi a nan, domin shi ne zuciyar darasin. Bai yi rantsuwa ba, bai yi bayani ba. Ya dubi Girgis da tausayi, irin kallon da ake yi wa maraya.

“Jirgin La'asar Ba Ya Tsayawa a Ƙalyub mana. Haba Girgis.”

Duk idanu suka koma kan Ustaz Wagdi. Dattijon nan yana da hanya biyu: ko ya ce yaron da ya tashi a Kuwait ya san fim ɗin da shi bai sani ba, ko ya tuna. Ya shafa gashin baki. Ya lumshe ido.

“Allahu Akbar,” ya ce a hankali. “Ina ka tono wannan, ɗana? A wata sinima marar rufi na kalle shi a Shubra, aljihuna cike da gyaɗa. Na zaci ni kaɗai na rage da na san shi.”

Ustaza Sausan ta daɗe tana kallon Midhat. Sannan ta yi dariyar hancin nan sau ɗaya.

Mataki na 4: In wani ya zaro waya, ka bar manya su yi maka faɗa

Girgis ba wawa ba ne. Ya zaro waya a ƙarƙashin tebur, ya latsa, ya sake latsawa.

“Abin mamaki, ya Ustaz, ba ya nan. Ko sunansa babu.”

Kai dai kada ka ce uffan. Yanzu mutuncin da ke kan wuta ba naka ba ne.

“A waya?” in ji Ustaz Wagdi, har ya miƙe zaune. “A waya kake neman tarihin ƙasarka? Wani ɗan Girka ne na Iskandariyya ya yi shi, fim ɗaya tak, ya karye, baƙin ciki ya kashe shi. Faifan ma ruwa ya cinye a ɗakin ƙasa. Ku 'ya'yan yanzu, abin da ba ya cikin waya a wurinku Allah bai halicce shi ba.”

Nirmin, wadda ke rubuta maganganun Fauziyya, ta dafa ƙirji. “Wallahi kamar mamana tana yawan zancensa. Ba shi ne mai jirgi ba?”

“Shi ne,” in ji Midhat da murya ƙasa-ƙasa.

Girgis ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya mayar da wayar aljihu. “Af, wannan kuke nufi? Ai da wani suna na san shi.”

Mataki na 5: Ka yi shiru, su za su ba ka labarin

A nan ne abin ya so ya fi ƙarfin Midhat. Ustaza Sausan ta ture takardun gabanta ta ce sunan ya fi labarin kyau, don haka a sake rubuta kashin gaba ɗaya a kan fim ɗin. “Ku tuna mini shi,” ta ce. “Daga farko.”

Midhat ya zaci asirinsa ya tonu. Ashe bai san mutanensa ba. Marubucin katun, ka ce masa ya kawo labari nasa, sai ya kwana uku yana ciwon kai. Ka ce masa ya tuno na wani, sai ka toshe kunne.

Ustaz Wagdi ya tuna da mai duba tikiti, wanda yake rubuta waƙoƙi a bayan tikitin fasinjoji, su kuwa suna sauka su yar a ƙasa. Nirmin ta tuna da wurin da jarumar ta mayar wa saurayinta zobensa a cikin tukunyar dafaffen kabeji, ta aika gidansu, uwarsa ta kusa karya haƙori. Aka yi dariya har da buga tebur. Girgis, don kada a bar shi a baya, ya tuna da wani yaro marar tikiti da ya kulle kansa a bayin jirgi tun daga Asyut, yana jin ana buga ƙofa yana addu'a. Aka yi gardama mai zafi a kan ko jarumar doguwa ce. Wagdi ya ce doguwa ce, ya gan ta da idonsa.

Shi Midhat aikinsa ɗaya: duk wanda ya gama, sai ya nuna shi da yatsa ya ce, “Yauwa! Na ma manta da wannan.” Ka haddace wannan jumla, ta fi digiri amfani.

Mataki na 6: In shugaba ta fara magana, ka ajiye cokali

Ana cikin hayaniyar sai Ustaza Sausan ta ce, “Kun manta da yarinyar.”

Kowa ya ajiye cokali, don ba a saba jin ta tana tuna komai ba.

“Akwai yarinya a ƙaramar tasha,” ta ce, idonta a kan kofin shayinta. “Ubanta ne direban jirgin. Jirginsa ba ya tsayawa a garinsu. Kullum la'asar uwarta takan yi mata kitso ta sa mata riga mai tsabta, su je bakin dandamali su tsaya. In ya zo wucewa sai ya busa mata ƙaho, ita kuma ta ɗaga hannu. Shi kenan ganin da take yi masa sai ranar hutu. Rannan jirgin ya zo ya wuce bai busa ba. Uwar ta gane kafin kowa ya zo ya gaya mata.”

Nirmin ta share ido da bayan hannu.

“Rigar shuɗiya ce,” in ji Ustaz Wagdi.

“Fim ɗin baƙi da fari ne, ya Ustaz,” in ji Girgis.

“To shuɗiya ce duk da haka! Ana ji a jiki!”

Ustaza Sausan ta buga tebur. “Ya isa. Mu katun muke yi, mutane za su kalla da miya a baki. Wa zai juya mini wannan ya zama abin dariya?”

Sai bakin Midhat ya buɗe da kansa, karo na farko ba don tsoro ba. Ya ce tunda ƙa'idar shaƙiyanci ita ce a kifar da abin da fim ya yi, to a nan jirgin ya tsaya. Fauziyya, garin gudun mai duba tikiti, ta maƙale a hannun birkin gaggawa, jirgi ya ja ya tsaya cak a gaban yarinyar, fasinjoji suka zube kan juna, kwandon ƙwai ya kife a kan wani basha. Direba ya leƙo don ya ga wanda zai zaga, sai ya ga 'yarsa.

“Rubuta,” in ji Ustaza Sausan, ta tashi ta fita.

Mataki na 7: Masu neman aron faifai za su zo, ka tanadi kwali

Za su zo ɗaya-ɗaya, kuma a kan matakala, inda babu shaida. Nirmin ce ta fara: tana so ta nuna wa mamanta. Girgis ya biyo baya, wai don ya gwada da wanda ya sani da wancan sunan. Na ƙarshe Ustaz Wagdi, yana haki a hawa na uku.

“Ɗana, nawa kaset ɗin ƙanwata ta ara tun shekarar girgizar ƙasa. In naka yana kusa, in ɗan sabunta ido.”

Amsa ɗaya ce ga kowa: yana cikin kwali a Kuwait. Kwalin da ke wata ƙasa ba ya ƙarewa, ba ya ruɓewa, ba a kuma aika yaro ya ɗauko shi.

Mataki na 8: Kada ka yi abin da Midhat ya yi

Masu zane suka gama kashin, aka kai gidan talabijin. Mutanen can suka gani, ya burge su fiye da kima, har suka ce kafin a haska shi suna so a nuna ɗan guntun ainihin fim ɗin, don girmama magabata. Azumi ya riga ya kama. Ustaza Sausan ta faɗi saƙon a gaban kowa.

“Wagdi ya ce kana da shi a kwali, Midhat. Ka sa a aiko.”

Gaba kura, baya sayaki. In ya kawo uzuri, Girgis yana nan ya kasa kunne. In ya faɗi gaskiya, ya mayar da ɗaki guda maƙaryata, har da mai riƙe da kujerarsa.

Shawarata a irin wannan hali sananniya ce. Ka ce kwalin ya ɓace a filin jirgin sama. Ka ce gobara. In ta kama, ka kashe wani dattijo a danginku ka tafi zaman makoki har a ga watan Sallah. Midhat ya san duk wannan. Amma yarinyar nan mai ɗaga hannu ta hana shi sukuni. Yana ganin ya sa mace mai mutunci ta zauna tana tuno abin da babu shi, kunya ta ishe shi, ga azumi a baki. Da azahar ya ƙwanƙwasa ƙofarta, yana jin ƙamshin tayil a hancinsa.

“Ustaza, fim ɗin nan. Babu shi. Ni na ƙirƙira.”

Ko kai ba ta ɗago daga zanen da take dubawa ba. “Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin ka rufe baki. Babana direba ne a layin nan. Da an taɓa yin fim mai wannan suna, da ya kwashe mu mun kalla sau goma.”

Midhat ya nemi kujera ya zauna ba a ce ya zauna ba. “To yarinyar...”

“Ba Ƙalyub ba ce, wani ƙauye ne gaban Tanta. Rigar kuma ruwan ɗorawa ce, kada ka gaya wa Wagdi.” Ta cire tabarau ta ajiye. “Shekara ashirin ina kan teburin can. Da na ce babana ne, Wagdi zai ce Allah ya jiƙansa, Nirmin ta miƙo mini hankici, a koma kan agwagwa. Da na ce fim ne, sai ga shi sun ajiye cokali. Kana zaton zoben cikin kabeji na wace ce? Mai rubuta waƙa a bayan tikiti fa? Kowa ya zuba abin da ke tukunyarsa, ya ce na ɗan Girka ne.”

“Gidan talabijin fa?”

“Tun jiya na ce musu magadan mai fim ɗin sun hana.”

“To me ya sa kika tambaye ni a gaban mutane?”

“Ina so in ga wa za ka kashe, kawunka ko kakarka.” Ta yi dariyar hancin. “Bayan Sallah ka dawo. Girgis ma haka, a ɗauko masa kujera a ɗakin masu zane, wanda ya kulle kansa a bayi tun daga Asyut ya sha wahalar da ta ishe shi. Kai kuma ka zo mini da fim na biyu. Ɗan Girkan nan ba zai rasa wani da aka manta ba.”

Midhat ya miƙe, farin ciki ya sa har ya manta yadda ake godiya. Ya kai bakin ƙofa ta kira shi. Ta juyo da zanen da ke gabanta, ashe na ƙarshen kashin ne: jirgi a tsaye, agwagwa na lilo a jikin birki, direba ya duro yana gudu da hularsa a hannu.

“Wa ya ce maka ka tsayar da shi?”

“Ƙa'ida ce kawai, Ustaza. A kifar da abin da fim ya yi.”

Ta mayar da ido kan zanen.

“Shekara arba'in ina jira ya tsaya,” ta ce. “Jeka, ka ja mini ƙofar.”

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai taɓa ganinka ba, kuma ranar da ka karanta shi yana Aswan wajen biki. In ka bi matakan nan aka kama ka, shugabanka ya zama irin wanda ba shi da uba direba, to tsakaninka da shi ne, kada ka ambaci sunana a gaban lauya ko a gaban mahaifiyarka. Ba na biyan kuɗin jirgin komawa gida, ba na karɓar kira daga kawunnai. In kuma ka yi sa'a ƙaryarka ta sa wani ya buɗe maka abin da ya daɗe yana ɓoyewa, wannan ba ya cikin darasin, ni ban koya maka ba. Amana ce ta faɗo hannunka, sai ka san yadda za ka riƙe ta.